Bairos Yana da Rai ko Ba Shi da Shi?

Baban Zainab: Jama'a ku yi mini hukunci, don tun jiya raina a ɓace yake. An dawo wa 'yata da takardar gwajin bayoloji. A tambaya ta huɗu an jero abubuwa biyar: bakteriya, amiba, bairos, gansakuka da tsakuwa, aka ce a ja layi ƙarƙashin masu rai. Ta ja wa huɗu, ta bar tsakuwa. Malamin ya zagaye bairos da jan biro, ya zabge mata maki biyu, ko kalma ɗaya ta dalili bai rubuta ba. Ni na zauna da ita daren gwajin, ni na ce mata bairos yana da rai, tunda yana shiga jiki ya hayayyafa har ya kwantar da ƙato. Yarinya ta shigo da takardar a duƙunƙune, ta ajiye mini a kan gwiwa, ba ta ce uffan ba. Wannan ba zalunci ba ne? Ranar Litinin zan je in same shi.

Malam Sabo: Baban Zainab, kafin Litinin ka buɗe babin farko na littafin yarinyar. Duk abu mai rai da ƙwayar halitta aka gina shi, wato ɗan ƙaramin tubalin da ke gina jiki, ko guda ɗaya kamar bakteriya da amiba, ko tiriliyoyi kamar ni da kai. Masana uku Jamusawa ne suka kafa wannan: Schleiden ya faɗi haka a kan tsirrai a 1838, Schwann ya faɗa a kan dabbobi a 1839, Virchow ya ƙara a 1855 cewa kowace ƙwayar halitta daga wata ƙwayar take fitowa. Bairos ba ƙwayar halitta ba ne. Zaren DNA ne ko RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin gado, a cikin kwanson furotin. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya girma. Malamin ya yi daidai, bairos ba shi da rai.

Sista Rabi: Ba shi da rai? Malam, shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya. Kullum muna wanke hannu da sabulu, muna goge gado da bilic, muna dafa kayan aiki, duk don mu kashe shi. Ta yaya ake kashe abin da ba shi da rai?

Ɗanladi: Anti Rabi, yadda ake kashe fitila. Ana kashe wuta, ana kashe kuɗi, ana kashe aure, ana kashe ƙishirwa. Agogo yana mutuwa, mota tana mutuwa a tsakiyar titi. Bahaushe bai taɓa jiran abu ya zama mai rai kafin ya kashe shi ba. Wannan hujjar taki ba ta tsaya ba.

Sista Rabi: Ɗanladi, kai ka zo da wasan kalmomi, ni ina maganar abin da na gani da idona. Ka taɓa kwana a kan yaron da ƙyanda ta rufe? Ka taɓa ganin wanda haukan kare ya kama yana tsoron ruwa? Fitila ce ke yin wannan?

Ɗanladi: Dafin maciji ma yana kisa, kuma ba mai cewa dafi yana da rai. Kalmar bairos ɗin kanta a Latin ma'anarta guba.

Sista Rabi: Dafi yana ƙaruwa a jiki? Ɗigo ɗaya ya shiga ya zama dubu, ya tsallaka zuwa maƙwabci? Amsa wannan tukuna.

Alhaji Tanko: 'Ya'yana, ni abin da ya dame ni yadda kuke ta jefa kalmar rai kamar ƙwallo. Rai ba abin wasa ba ne. Wa ya auna shi a ɗakin gwaji? Wa ya san inda yake zama a jikin mutum, balle a jikin abin da ido ba ya gani?

Malam Sabo: Ranka ya daɗe, ruhi kake nufi, kuma ba shi muke magana a kai ba. A aji idan muka ce mai rai, muna nufin abin da ke ci, ya yi numfashi, ya girma, ya fitar da ƙazanta, ya ji abin da ke kewaye da shi, ya hayayyafa.

Alhaji Tanko: To ku nemo wata kalma. Ku ce mai rayuwa. Rai daban, rayuwa daban.

Ɗanladi: Baba, da girmanka, rayuwa daga rai ta fito. Kuma kai da kanka idan ka ga reshe ɗanye sai ka ce da sauran ransa, ba ka ce da sauran rayuwarsa ba.

Alhaji Tanko: Kai yaro, yaushe ka ji na faɗa? Kada ka sa mini magana a baki.

Hauwa'u: Ni dai a aji an ce mana babbar alamar mai rai ita ce haihuwa. Bakteriya tana rabuwa gida biyu, akwai irin da idan ta samu abinci da ɗumi duk minti 20 take rabuwa. Bairos ma yana yawaita. In dai haihuwa ce ma'auni, ai Zainab ta ci.

Isiyaku: Ƙanwata, in haihuwa ce ma'auni to alfadari gawa ne ke nan. Doki yana da kuromosom 64, wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke cikin ƙwayar halitta, jaki 62, alfadari ya tashi da 63. Lokacin da jikinsa zai raba su biyu don yin maniyyi ko ƙwai, ba sa haɗuwa bibbiyu daidai, shi ya sa galibi ba ya haihuwa. Amma je ki tsaya a bayansa ki ce masa ba shi da rai.

Hauwa'u: Yaya Isiyaku, to kai ɓangaren wa kake?

Isiyaku: Ɓangaren cewa wannan jerin alamomin da Malam Sabo ya lissafo yoyo yake yi. Wuta tana ci, tana shan iska, tana girma, tana barin toka, tana haifar wata wutar. Ta cika sharuɗɗan da alfadari bai cika ba.

Malam Sabo: Shi ya sa na fara da ƙwayar halitta, ban fara da jerin ba. Wuta ba ta da ƙwayar halitta, alfadari yana da ita, kuma ƙwayoyin jikinsa suna rabuwa kullum, rauninsa yana warkewa, kofatonsa yana tsiro.

Isiyaku: Madalla. To ƙwayoyin farko da aka gani a duniya fa? Robert Hooke a Ingila, 1665, ɓawon itace ya yanka ya duba a madubin ƙara girma. Abin da ya gani bangayen ƙwayoyi ne matattu, cikinsu fayau. Ga ƙwayar halitta, ba rai. Ina ma'auninka?

Malam Sabo: Gawa ma tana da ƙwayoyin halitta. Na ce duk mai rai yana da su, ban ce duk mai su yana da rai ba. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya san bambancinsu.

Sista Rabi: To jajayen ƙwayoyin jini fa, Malam? A jikin mutum ba su da cibiya, wato ma'ajiyar DNA da ke cikin ƙwayar halitta, ba sa rabuwa, kwana 120 ko kusa da haka suke yi a maye gurbinsu. Suna da rai ko ba su da shi? E ko a'a.

Malam Sabo: Daga ɓargo suke fitowa, kuma iyayensu da ke can suna da cibiya, su ke rabuwa.

Isiyaku: An ce da alfadari wa ne ubanka, ya ce doki ne kawuna. An tambaye ka ƙwayar jini, ka kawo mana iyayenta.

Malam Sabo: Isiyaku, ni kake kira alfadari? Na girme ka nesa ba kusa ba. Shekara ashirin ina riƙe da alli, ba a taɓa zagina a gaban ɗalibai irin su Hauwa'u ba.

Isiyaku: Karin magana ne, Malam, ba zagi ba.

Alhaji Tanko: Karin magana ma ana duba wanda za a jefa da shi. Ka ba shi haƙuri.

Isiyaku: Allah ya ba shi haƙuri. Amma har yanzu bai amsa ba.

Baban Zainab: Jama'a, ni fa maganar maki biyu na kawo, da kuma malamin da bai rubuta dalili ba.

Malama Binta: Baban Zainab, tunda ka dawo da ita, ni kalmar zalunci ce ta tsaya mini a wuya. Ka san takarda nawa malami yake dubawa a dare ɗaya? Idan zai rubuta dalili a kan kowane kuskure, yaushe zai kwanta? Ku iyaye sai ku koya wa yaro abin da kuka ga dama a gida, idan ya faɗi ku ɗora wa malami.

Sista Rabi: Ga shi nan, malamai sun haɗa kai. Da likita ne ya ba da magani bai yi bayani ba, ku ne na farkon tsinuwa.

Malama Binta: Ku da kuke rubutun da ba mai iya karantawa?

Sista Rabi: Ni ba likita ba ce, kuma rubutuna ya fi na wasu a allo.

Bashir: Ku dakata in faɗi ɗaya. A 1892 Ivanovsky ɗan Rasha ya tace ruwan ganyen taba mai cuta a matatar da ke tare bakteriya, ruwan da ya wuce ya ci gaba da harbin lafiyayyen ganye. A 1935 Wendell Stanley a Amurka ya mayar da wannan bairos ɗin ya daskare kamar gishiri, kuma aka narkar da shi aka shafa wa ganye, cutar ta kama. Wane mai rai ne za a mayar da shi ƙanƙarar gishiri? Sannan ku lura da yadda yake yawaita. Bakteriya tana girma ne ta tsage biyu. Shi kuwa yana shiga ƙwayar halitta ya tuɓe kwansonsa, ya miƙa mata umarninsa, ita ce za ta ƙera sassansa ɗaya-ɗaya da kayan aikinta, a harhaɗa su. Ba shi da ribosom ko ɗaya, wato injin da ke ƙera furotin. Ba haihuwa yake yi ba, kwafinsa ake bugawa.

Sista Rabi: Kalamidiya, wata ƙwayar cutar sanyi, ita ma ba ta iya yawaita sai a cikin ƙwayar halittar wani, kuma kowa ya yarda bakteriya ce mai rai. Don me ita aka yafe mata dogaro da wani, shi aka kama shi da shi?

Bashir: Don tana da ribosom nata, kuma ita ke raba kanta. Shi ya sa ma maganin bakteriya yake cin ta, amma ba ya yi wa bairos ɗin mura komai. Ke kin fi ni sanin wannan, Anti.

Isiyaku: Akwai ƙaton bairos da masana a Faransa suka bayyana a 2003, mimibairos, wanda ke zama a cikin amiba. Don girmansa da farko bakteriya aka zata. Ya fi wasu bakteriya yawan ƙwayoyin gado. Kuma bairos yana sauya kama, yana gadar da sauyin ga na bayansa, shi ya sa ake sabunta rigakafin mura. Tsakuwa tana yin haka? Amma a takardar Zainab an jefa shi kwando ɗaya da tsakuwa.

Bashir: Ƙaton ma ba shi da ribosom.

Isiyaku: Wa ya naɗa ribosom sarkin rai?

Alhaji Tanko: Kun gani? Abin da na faɗa tun farko. Kalmar ba taku ba ce.

Ɗanladi: Baba, ba abin da ka faɗa ke nan ba.

Malam Usman, mai kula da zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka cimma. An tabbatar da hujja daga Malam Sabo da Bashir cewa bairos ba ƙwayar halitta ba ne, ba shi da ribosom, don haka ba shi da rai, kuma malamin Zainab ya yi aikinsa yadda ya kamata. Sista Rabi ta yi magana cikin tausayin marasa lafiya, muna jinjina mata, amma tausayi ba hujja ba ne. Isiyaku ya kawo misalan da suka kauce wa batu, ya kuma yi wa babba rashin ladabi. Shawarata ga iyaye, a bar wa malamai koyarwa. Na rufe wannan maganar.

Sista Rabi: Malam Usman, wa ya cimma? Tambayata a kan ƙwayar jini har yanzu tana nan ba amsa, kai kuma ka share ta kamar ba a yi ba. Kai ma tsohon malami ne, ka faɗa wa mutane hakan kafin ka yanke hukunci.

Isiyaku: Na ba da haƙuri a gaban kowa, bai sa wannan a bayaninsa ba.

Baban Zainab: Yanzu na sa Zainab ta ɗauko littafin da take rubutun aji. Ga abin da malamin ya sa su kwafa da kansa, da rubutun hannunta: bairos yana kan iyaka tsakanin masu rai da marasa rai. Wanda ya ce abu yana kan iyaka, don me zai sa shi a tambayar ja layi? Zan tafi da littafin da takardar duka biyun ranar Litinin.