An ce a sa ɗana mai sikila a bincike, surukata ta ce a'a

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ɗana Abba shekararsa shida, SS ne. Makon jiya a asibitin da muke zuwa aka ɗora masa wata na'ura a gefen kai kusa da kunne, wai TCD, ana jin wani sauti kamar iska tana kaɗawa. Da aka gama likita ta ce jininsa yana gudu da yawa a jijiyar ƙwaƙwalwa, ya haura 200, kuma hakan na iya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki. Ta ce a fara ba shi wani magani mai suna hydroxyurea, sannan ta miƙo min takarda shafi huɗu, wai suna wani bincike, in mun yarda mu sa hannu.

Da na kai gida Hajiyarmu, mahaifiyar babansa, ko karɓar takardar ba ta yi ba. Ta ce ita jikanta ba ɓeran gwaji ba ne, ta ga abin da ya faru a Kano lokacin sanƙarau. Wani maƙwabci kuma ya ce maganin na masu kansa ne. Babansa ya yi shiru, ya bar ni da abin. Yaron nan watan da ya wuce kwana biyar muka yi a gado yana kukan ƙafa. Ya zan yi?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Hajiya tana da hujjarta, kar a ce tsufa ne. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan da yara masu sanƙarau kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa (IDH) na Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan da idonsa, dole takarda ta ba shi tsoro. Ni dai a ganina ki koma da Hajiyar ƙafarta ƙafarki, ta yi wa likitar tambayoyinta da bakinta.

Anti Nas:
Maman Abba, sannu da jinya, Allah Ya ba shi lafiya. Abu biyu aka haɗa miki a rana ɗaya shi ya sa kanki ya ɗaure. Magani daban, bincike daban.

Hydroxyurea ba sabon abu ba ne. Gaskiya ne an fara amfani da shi a wasu cututtukan daji na jini, amma tun 1998 Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila, a 2017 ga yara. Aikinsa shi ne ya sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Kin lura jarirai masu sikila ba su cika ciwo a watannin farko ba? To dalilin ke nan.

Kuma a nan gida aka gwada shi a kan yara irin Abba. Binciken SPRING, da aka yi a asibitocin Kano da Barau Dikko na Kaduna tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, yara 220 ne masu irin wannan sakamakon TCD, aka wallafa shi a 2022. A Turai irin waɗannan yaran ƙarin jini ake musu duk wata, mu kuwa ina jinin, ina kuɗin? Shi ya sa aka nemi mafita a wannan maganin.

Sharaɗinsa ɗaya: gwajin jini a kai a kai, domin yakan rage fararen ƙwayoyin jini. Kada ki saya a kemis ki riƙa ba shi da ka, da nauyin yaro ake auna shi. In zazzaɓi ya kama shi kuwa, asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Batun takarda: ki ce a karanta miki da Hausa, a ba ki kwafi. Ki tambaya me za a yi masa da ba za a yi ba in bai shiga ba, sau nawa za a ɗebi jini, wa zai biya, kuma wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da binciken. Kina da ikon ƙi, kina da ikon fita a tsakiya, kuma ba wanda zai hana shi maganinsa saboda haka. In an ce sai kin sa hannu za a duba shi, to nan ne za ki tsorata.

Ummu Khalifa:
Ni 'yata ta yi shekara uku tana shan hydroxyurea. Farcenta ya ɗan yi duhu, shi ke nan abin da na gani. Da kuwa duk hunturu a asibiti muke yinsa, ledar kayanmu ma ba a kwance ta. Abin da ke ba ni wahala kuɗin sayensa ne kawai.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na karanta wa Hajiya amsar Anti Nas, ta ce a maimaita mata wurin jinin jarirai. Ta yarda za ta bi ni ranar Talata, amma ta ce ita za ta riƙe takardar.