Da gaske ƙafa za ta kama da wuta in an ja birki da ita?

Baban Hanan: Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare yarona ɗan shekara 8 yana kallon katun ɗin Flintstones a wayata. Kun san motar Fred, jarumin katun ɗin, ba ta da birki, diddige yake kafawa a ƙasa, ƙura da hayaƙi su turnuƙe, mota ta tsaya cak. Sai yaron ya juyo ya ce, "Baba, in na yi haka da kekena, ƙafata za ta kama da wuta?" Na ce ya tashi ya je ya kwanta. Don Allah masu ilimi ku fitar da ni kunya kafin ya dawo daga makaranta.

Malam Fizis: Wa alaikumus salam. Yaron nan ya yi tambayar manya. Duk abin da ke gudu yana ɗauke da ƙarfi, in an tsayar da shi ta hanyar gogayya, ƙarfin nan zafi yake komawa. Mota mai kilo 1,000 da ke gudun kilomita 72 a awa tana ɗauke da jul 200,000 (jul ma'aunin ƙarfi ne). Wannan ya isa ya kai lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa wajen 73. To a ce rabinsa ma ya shiga ƙasa, sauran fa duk a fatar diddige zai sauka cikin 'yan daƙiƙu. In an ninka gudun kuwa, zafin sau huɗu yake ƙaruwa.

Sai dai batun wuta ƙarya ce ta masu zane. Tsoka yawancinta ruwa ce, kafin ta yi tunanin kamawa fata ta saɓule, ƙashi ya karye. Tartsatsi kuma ɓarɓashin ƙarfe ne da ya yi ja, irin wanda kake gani wurin mai walda in yana gurza ƙarfe. Ƙafa ba ta da shi.

Direban Tirela: Malam ya faɗi gaskiya. Ni lissafin bai dame ni ba, hancina ya sani. Duk wanda ya gangaro Hawan Kibo na hanyar Jos da kaya ya san ƙaurin birki. In ka ɗora ƙafa ba ɗagawa, sai ya yi zafi ya daina kamawa, kana takawa kamar kana taka soso. Shi ya sa muke saukowa da ƙaramar giya. Ƙarfe ke nan fa, ina ga diddige?

Maman Ummi: Baban Hanan, ba sai an je Jos ba. Ina 'yar shekara 12 guga cike da ruwa ya suɓuce min a bakin rijiya, na damƙe igiyar don tsoron faɗan Inna. Zuuu ta wuce ta tafin hannuna. Ko jini bai fita ba, amma kafin magariba bororo ya tashi reras. Kwana biyar da cokali nake cin tuwo.

Baban Hanan: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yanzu na gane dalilin da ya sa silifas ɗinsa na dama ya cinye tun kafin na hagu. Gobe keken zai je wurin mai gyara a sa masa birki.