Neman kalma: me za mu kira siraran ƙarafan nan na bayan AC?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma nake nema, kuma matsuwa ce ta sa. Makon jiya na kusa cinye katina a waya da mai gyara, ina ta "wannan abin na baya, mai kama da... ai ka gane," shi kuma yana "wanne daga ciki, Malam?" Ba mu fahimci juna ba sai da na ɗauki hoto na tura masa ta WhatsApp.

Ga yadda aka yi. Mun tashi daga gidan haya, aka loda kaya a a-kori-kura. AC ɗinmu irin na taga ne, akwati guda, rabinsa a ɗaki rabinsa a waje. Yaron mota ya ɗaure shi da igiya, ya ja iya ƙarfinsa, igiyar kuwa ta bi ta baya inda babu murfi. Da muka sauke sai ga shatinta ɓaro-ɓaro, wuri kamar faɗin tafin hannu biyu ya kwanta ya yi sumul sai ka ce an bi shi da dutsen guga. Sauran ɓarnar ta yaran gida ce. Sun gano cewa in ka ja farce a wurin yana zanuwa, har harafin farko na sunan autana na tarar a kusurwa.

Muka ɗora shi a taga a tsakiyar zafin Afrilu na Kano. Ya yi sanyi na ɗan lokaci, sai kwamfireso, wato injin da ke tura gas a cikinsa, ya yi ƙas ya tsaya, fanka ta ci gaba da hura iskar banza. Ya huta, ya sake tashi, ya sake tsayawa. Haka muka kwana.

Abin da nake nema wa suna shi ne siraran ƙarafan alminiyon da aka jera dab da dab, bututun jan ƙarfe ya ratsa ta cikinsu. Turawa suna ce musu fins. AC ba ƙera sanyi yake yi ba, zafin ɗaki yake kwasa ya kai waje. Gas ɗin da ke yawo cikin bututu shi ne ɗan dako. Amma bututu shi kaɗai jikinsa bai da faɗin da zai saki zafin nan da sauri, shi ya sa aka soka shi cikin ɗaruruwan siraran ƙarafa, zafi ya bazu a jikinsu, fanka ta turo iska ta tsakankaninsu ta tafi da shi. In suka kwanta, hanyar iska ta toshe, zafi ya rasa mafita, kwamfireso ya yi ta nishi har abin da ke kare shi daga ƙonewa ya yanke masa wuta. Akwai irinsu a gaba ma, bayan ragar tace ƙura. Su kuma in suka toshe ƙanƙara ce ke taruwa a kansu.

To me za mu kira su?

Na riga na yi wa mutane wannan tambayar. Na farko da ya amsa cewa ya yi a bar wahala, a ce "fin" kawai, ai haka muka yi da birki da kuloci da fulogi da lagireto, kuma ba wanda ya mutu. Ni ba na gaba da aro. Duk wanda ya ce zai kori "sitiyari" daga bakin direba ya nemi wani aikin. Matsalar wannan ɗin ita ce gurbinta a cike yake. Bakin Bahaushe ya riga ya mai da pin "fin": fin ɗin ATM, fin ɗin caja, fin ɗin da ake ciro layin waya da shi. Ka kira mai gyara ka ce fin ɗin AC ya lanƙwashe, wallahi da sabon kan soket zai zo maka.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce su a can "kilim" suke ce wa na'urar, kuma da Faransanci sunan ƙarafan ailettes, wato ƙananan fukafukai. Ya ce tunda Turancin ma daga fiffiken kifi aka samo shi, me zai hana mu ce fukafukai? Na so wannan da farko. Sai na tuna a cikin akwatin nan guda akwai fanka biyu da inji ɗaya ke juyawa, kuma ta bayan fukafukai gare ta na gaske, masu juyawa. Kalma ɗaya ga abu biyu da ke tazarar ɗan yatsa da juna, rigimar wayar nan tawa za a sake.

Raga ma haka. Masu gyara da yawa ita suke faɗa, "ragar baya", kuma in a shago ne ana nunawa da yatsa babu laifi. Amma raga ta riga ta zama sunan matatar ƙura ta gaba, wadda ake zarowa a wanke a mayar. Saƙar zuma da wani ya kawo kuwa, daga nesa ne kawai suke kama. Matsa kusa ka gani, babu ramuka, layuka ne a tsaye.

Wanda ya ce haƙarƙari ya burge ni, kuma ina ganin a ajiye masa kalmarsa don injin babur. Dubi kan injin Boxer ko Jincheng: kaurara ne, a jere, da tazara, ko ka ƙwanƙwasa da sifana ba abin da zai same su. Aikinsu ɗaya da na AC, amma jikinsu ba ɗaya ba. In ka ce wa yaron shago haƙarƙari, ka ba shi izinin sa ƙarfi ke nan.

Nan ne hankalina ya tsaya. Sunan da za mu sa wa abin nan ya kamata ya gaya wa hannu yadda zai taɓa shi. Mutane biyu sun kawo ganye, kuma yana da hujja, tunda muna cewa ganyen ƙofa, ganye kuma abu ne mai laushi da ke shimfiɗa jikinsa ga iska. Na kusa sallamawa. Abin da ya juya ni shi ne zuwan mai gyaran da kansa.

Dattijo ne, ya fara da gyaran firiji kafin ya koma AC. Ya cire wuta, ya sa muka sauko da shi tsakar gida, ya zare akwatin, ya gargaɗi yaronsa kada ya kai hannu wajen kafasito don yana riƙe wuta ko bayan an cire soket. Bai taɓa wurin da ya kwanta ba tukuna. Wanki ya fara, da ruwan sabulu da buta. Ya ce a irin wannan AC ɗin fankar baya tana ɗibar ruwan da ya taru a ƙasa tana watsa wa ƙarafan don su huce, to in ruwan nan ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya zama laka, ta bushe a tsakani. Na ce, "Baba, da mun kai wurin wankin mota an fesa masa injin nan, ai minti biyu ne." Ya dube ni ya ce, "Malam, rabin waɗanda ake kawo mini a kwance, injin wankin mota ne ya kwantar da su."

Sai ya ɗauko tef ɗin awo ya ɗora a inda ke da lafiya, ya sa tsinke yana ƙirgawa a hankali cikin inci ɗaya. Ya ce goma sha huɗu. Ya ciro wani abu na roba daga aljihu mai fuska shida, kowace fuska da haƙoranta da lambarta: 8, 9, 10, 12, 14, 15. Lambar tana nufin guda nawa ne a inci. In ka sa fuskar da ba ta dace ba, gyaran ya zama ɓarna, don haƙoran za su hau kan ƙarafan maimakon su shiga tsakani.

Na tambaye shi, "Baba, goma sha huɗun me?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Falle goma sha huɗu mana."

Ya faɗe ta ne ba da niyyar raɗa suna ba, ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa na tsaya a nan. Falle: abu siriri, shimfiɗaɗɗe, guda daga cikin jeri, kamar fallen takarda a littafi. Kaurin kowane ɗaya daga ƙarafan nan wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kusan daidai da takardar da muke bugawa a firinta. Kuma falle kalmar ƙirga ce tun asali, abin da ganye ba ya yi da daɗi. "Falle 14 a inci" ya zauna a baki. "Ganye 14 a inci" sai ka ji kamar ana cinikin zogale. Wanda duk ya ji "falle" ya san abu ne da ke lanƙwashewa, yana yagewa, kuma gefensa na yanka. Wannan na ƙarshen na shaida da babban yatsana.

Abin roban nan kuwa bai ba mu wahala ba. Mataji ne, aikin kuma tajewa. Amma da na zuba ido sai na ga aiki biyu ne, kuma Hausa ta riga ta raba su a kan mace mai kwance kitso. Inda fallayen suka manne sosai mataji ba ya shiga. Sai da ya ɗauko wata 'yar siririyar wuƙa marar kaifi, ya riƙa sa bakinta kaɗan yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsifa ce, abin yin ta kuma matsefi. Bayan ya tsefe ne ya shafa ruwan sabulu, ya soka matajin daga wuri mai lafiya a ƙasa, ya jawo shi sama a hankali ya ratsa inda ya kwanta, bin tsayin fallayen, ba a gicciye ba. Sau uku, sau huɗu, layuka suka fara fitowa. Da yaron ya karɓi wuƙar ya ɗan zurfafa, sai ya riƙe masa hannu: "Kai, a hankali. Bututu na nan ƙasa." Yaron ya ce, "To, Oga." Fatar bututun ba kauri gare ta ba. In ka huda shi gas ya tsere, an bar maganar mataji an koma ta walda da sayen gas.

Ya kuma ce kada a yi ta lanƙwasa falle gaba da baya ana neman ya miƙe sak. Alminiyon ba ya jure haka, karyewa yake. In iska ta samu hanya, a bar shi da ɗan karkacensa. Wurin da igiya ta fi ci har yanzu da tabo, falle biyar ko shida sun yage, ya ce su kam sai haƙuri.

Ga abin da nake ba da shawara mu tsayar, sai in wani ya zo da wadda ta fi: falle, jam'i fallaye. Fallayen baya, fallayen gaba. In sun lanƙwashe, sun kwanta. A tsefe su da matsefi, a taje su da matajin fallaye. Kalmar za ta yi wa lagireton mota ma, tunda ginin kusan ɗaya ne. Injin babur ya riƙe haƙarƙarinsa.

Wata 'yar'uwa ta yi ƙorafin cewa falle na takarda ne da zane, bai saba da ƙarfe ba. Gaskiya ne, Hajiya, amma ai muna cewa fallen kwano in ana rufin ɗaki, kuma ba wanda ke zaton takarda ake nufi.

Na gwada ta jiya. Na kira ƙanena da ke da irin AC ɗin, na ce ya leƙa baya ya gaya mini ko fallayen sun kwanta. Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya dawo ya ce, "Yaya, na gefen hagu sun kwanta kaɗan, wajen da tsani ya jingina."

Saura bututun nan masu lanƙwasa kamar harafin U da ke leƙowa a gefen fallayen. Dattijon "gwiwa" yake ce musu, yaronsa kuma "kwana". Masu gyaran Sabon Gari da na Kaduna, ku me kuke cewa?