Tambaya ga likitocin zuciya: jijiyar koronari mai zuba cikin ɗakin zuciya

Assalamu alaikum, manyanmu likitoci. Ina neman shawararku kan yarinya 'yar shekara 7 a nan Kumasi. Ana jin ƙara marar yankewa a ƙasan ƙirjinta ta hagu, ba a sama ba inda aka saba jin ta PDA (hanyar jini tsakanin manyan jijiyoyi biyu masu fita daga zuciya, wadda ba ta rufe ba bayan haihuwa). Hoton eko (hoton zuciya da ake ɗauka da sauti) ya nuna jijiyar koronari ta dama, ɗaya daga cikin masu kai wa tsokar zuciya jini, ta kumbura, tana zuba jini kai tsaye cikin ɗakin zuciya na ƙasa na dama. Yarinyar tana wasanta lafiya, amma ɗakin ya fara faɗaɗa.

Ga inda na tsaya. Mahaɗar tana can ƙarshen jijiyar ne, ba kusa da tushe ba. In aka toshe ta da katita (siririn bututu da ake zurawa ta jijiya), jini zai yi sanyin gudu cikin faffaɗar jijiyar, gudan jini na iya taruwa ya toshe ƙananan rassan da ke ciyar da tsokar zuciya. In kuma aka bari, satar jinin, wato karkatar da jinin da ya kamata ya ciyar da tsokar zuciya, za ta ci gaba.

Shin toshewa ta fi, ko tiyata a asibitin Korle Bu da ke Accra? Bayan rufewa, asfirin kaɗai ya isa, ko sai an haɗa da wafarin (maganin hana jini yin guda), har tsawon wane lokaci? Allah ya saka da alheri.