Shin yawan HDL, wato kolesterol (kitsen jini) mai kyau, yana hana jijiyoyin jini toshewa?

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai ra'ayina, duk wanda gwaji ya nuna HDL ɗinsa ya yi sama, ko LDL, wato kolesterol marar kyau, ya hau ba ya buƙatar magani. Ai shi ya sa ake ce wa HDL kolesterol mai kyau.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai ƙamshin gaskiya. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj suna shiga bangon jijiya su yi ta haɗiye LDL har su cika, daga nan kumburi ya tashi. HDL ne ke zuwa ya kwashe kolesterol ɗin daga cikinsu ya kai hanta. Amma batun barin magani, a'a.

Dakta: Alhaji, an gwada wannan tunanin. Kamfanin Pfizer ya yi maganin torcetrapib, ya ɗaga HDL da kusan kashi 70 cikin ɗari. A Disambar 2006 aka dakatar da gwajin, domin masu shan sa sun fi mutuwa.

Baban Khalifa: Wannan maganin ai hawan jini yake jawowa, Dakta. Laifinsa ne, ba na HDL ba.

Dakta: Haka ne. To maganin dalcetrapib fa, da aka tsayar da gwajinsa a 2012? Da niyasin, wato bitamin B3? Duk sun ɗaga HDL, ba su rage bugun zuciya ba. Takardar gwaji yawan HDL take nunawa, ba ta nuna aikinsa. Idan kumburi ya daɗe a jiki, kamar ga mai ciwon suga, HDL yakan lalace ya kasa kwashe kitsen. A ƙauyen Limone na Italiya kuwa akwai dangin da HDL ɗinsu ƙasa yake sosai, amma jijiyoyinsu lafiya lau.

Likitan Dabbobi: Dakta, kar a rage wa HDL daraja kuma. Ƙwayar cutar sammore da ƙudan tsando ke sa wa shanu ba ta iya rayuwa a jinin mutum, saboda wani sinadari, APOL1, da ke tafiya a jikin HDL yana fasa ta. Wannan garkuwa ce ta gaske.

Dakta: Ban musa ba, Malam. Amma kashe sammore daban, wanke jijiya daban. LDL ne aka rage aka ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu.

Baban Khalifa: Na yarda da batun LDL. Sai dai har yanzu ban gamsu cewa yawan HDL ba ya ƙara komai ba.

Maman Ummi: Ka riƙe shakkarka, Alhaji, amma don Allah kar kowa a nan ya ajiye maganinsa sai ya ga likitansa.