Tambaya kan lambar shasin tsohuwar MG da muka gada

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata ƙaramar mota ƙirar MGB mai kujera biyu, wadda ya sayo a Kano, kuma tana ajiye a gidanmu na Birni. Takardar rajistarta ta nuna 1975, amma wani mai son saye ya ce ta girmi haka. A cikin ɗakin inji akwai farantin ƙarfe da lambarsa ta fara da GHN3, sai kuma wani farantin dabam a jikin injin da ya fara da 18GB. Sitiyarinta yana hagu. Ina roƙon masana su bayyana mini wace lamba ce abin dogaro, domin akwai marayu a cikin magada, kuma ba na son a sayar da ita bisa jahilci.

Tsohon makaniki daga Zongo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa kawunka. Mai sayen nan ya faɗa maka gaskiya. An ƙera MGB a masana'antar Abingdon da ke Ingila daga 1962 zuwa 1980, kuma kowane harafi na lambar nan yana da aikinsa: G na nufin MG, wato kamfanin da ya ƙera ta, H na nuna rukunin girman inji, N na nufin mota buɗaɗɗiya mai kujera biyu, 3 kuwa zubin farko ne, wanda aka daina a 1967, aka koma GHN4, daga baya GHN5. Saboda haka ba yadda za a yi motar da ke ɗauke da GHN3 ta zama ta 1975. Ko da ido ma za ka gane, domin tun ƙarshen 1974 aka koma sa wa MGB baƙar bamba ta roba mai kauri, alhali na tabbata taku farar bamba ce mai ƙyalli. Shekarar da ke kan takarda, a ganina, ita ce shekarar da aka fara yi mata rajista a nan Nijar.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sitiyarin. Motocin da aka ƙera da sitiyari a hagu ana ƙara musu L, su zama GHN3L. Idan babu L a farantinku, to da sitiyarin dama ta fito daga masana'anta, wanda ya dace da tarihinta, tunda Najeriya ba ta koma tuƙi a hannun dama ba sai a watan Afrilun 1972, kuma bayan nan masu motoci da yawa suka juya sitiyarinsu. Injin 18GB an fara sa shi a ƙarshen 1964. Ka duba mariƙin ƙofa kuma: idan na ja ne, motar ba ta wuce farkon 1965 ba, idan mai maɓallin dannawa ne, ta biyo baya.

Malamar makarantar fasaha:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ja hankalin Malam kan cewa farantin ƙarfe shaida ɗaya ne kawai, kuma ana iya cire shi daga wata mota a maƙala wa wata. Abin da ke raba gardama shi ne kundin masana'anta. Littattafan da ma'aikatan Abingdon suka riƙa cikewa suna nan a hannun British Motor Industry Heritage Trust, wata cibiyar adana tarihin motocin Birtaniya, a garin Gaydon da ke Ingila, kuma idan aka aika musu da lambar mota tare da kuɗin aiki, sukan ba da takardar shaida mai ɗauke da ranar ƙira, da ranar da ta bar masana'anta, da launinta na asali, da inda aka tura ta, da lambobin da aka rubuta mata. Da wannan takarda ne za ku gane ko injin da ke ciki shi ne na asali, abin da masu tara irin waɗannan motoci suke ƙara kuɗi a kansa ƙwarai.

Kada kuma a ɗauka cewa lamba tana nuna adadin motocin da suka riga ta fita. MG ta fara ƙidayar MGB daga 101 ne.  Kowane kamfani da tsarinsa a wancan zamani, kafin lambar shasi mai gurbi 17 ta zama ƙa'ida a Amurka daga 1981. Akwai kuma lambar gangar jiki, wadda ba za ta yi daidai da ta shasi ba, domin a wata masana'anta ake haɗa jikin sannan a kawo shi Abingdon, don haka bambancinsu kada ya tayar muku da hankali.

Tsohon makaniki daga Zongo:

Haka ne, ƴata. Ƙarin da zan yi shi ne, ɗana, kada ka bari kowa ya goge farantin nan da sanfefa, ko ya cire shi don fenti, ko ya sake buga lambar da ta dushe, domin lambar da aka taɓa tana jawo zargi wajen mai saye da wajen jami'an duwan baki ɗaya. Ka jiƙa tsumma da kananzir ka share a hankali, ka ɗora farar takarda a kai ka goga fensir har haruffan su fito, sannan ka ɗauki hoto da hasken safe yana dukansa ta gefe.

Ɗan Birni:

Na gode, Baba, na gode, Malama. Na duba, babu L, kuma mariƙin ƙofar mai maɓalli ne. Na shaida wa sauran magada cewa za mu dakatar da ciniki har takardar Gaydon ta iso, kuma sun amince a fitar da kuɗin neman ta daga cikin gadon.