Auna tafiyar rairayi: bakin teku dabam, gonakinmu dabam

Ɗalibar Yamai:
Assalamu alaikum malamaina. Ina shirin kafa tarkunan rairayi, wato na'urorin kama rairayin da iska ke ɗauka don a auna shi, a wata gona kusa da Banizumbu, gabas da Yamai, amma yawancin abin da na karanta a kan tuddan bakin teku aka yi shi. Ina roƙon duk wanda ya taɓa wannan aiki ya faɗa mini abin da ya gani.

Ba'adare:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na yi koyon aiki a tudun rairayi na Pilat da ke gaɓar tekun Atlantika a Faransa, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 100, kuma abin da ya fi ba mu wahala shi ne laima. Idan ruwan teku ya janye, ƙwayoyin rairayi sukan manne da juna, sai iska ta kaɗa da ƙarfi tarko bai kama komai ba, amma da zarar rana ta busar da saman, iskar da ba ta kai waccan ba sai ta cika shi. Lissafin da wani masanin Birtaniya mai suna Bagnold ya fitar a 1941, wanda ke nuna cewa idan gudun iska a dab da ƙasa ya ninka biyu rairayin da ke tafiya yakan ninka kusan sau takwas, a kan busasshen rairayin hamada aka gina shi, shi ya sa abin da muke samu a tarko bai cika kai wa lissafin ba.

Malamin kimiyyar ƙasa:
Ƴata, a wajenmu ba laima ce damuwa ba, lokaci ne. Mutane suna zaton hunturu ne ke kwashe gona, alhali ƙurar da yake kawowa daga nesa take. Ɓarnar gaske daga Mayu zuwa Yuli take aukuwa, lokacin da gona take fili, ga iskar gabas da ke gaban hadari, wadda sau da yawa ba ta wuce rabin awa. Wanda bai kwashe tarkonsa bayan kowane hadari ba, ya haɗa lissafin iska dabam-dabam wuri ɗaya. Wani tarko da ake kira BSNE, da masanin Amurka Fryrear ya fitar a 1986, yana da wutsiya mai juya bakinsa ya fuskanci iska, kuma na fi amincewa da shi. A jera shi hawa-hawa a sanda guda, a sa na ƙasa dab da doron ƙasa, domin mafi yawan rairayi tsalle yake yi ƙasa da gwiwa. A busar da abin da aka kama kafin a ɗora a sikeli.

Ma'aikaciyar gandun daji, Tahoua:
Mu a kwarin Majiya, inda aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska tun 1975, sandunan ƙarfe muke kafawa mu riƙa auna yadda rairayi ke binne su ko yake tone gindinsu. Ba sa nuna nauyin abin da ya wuce, amma awaki ba sa ture su. Ki kuma rubuta ko mai gonar ya bar karan hatsi a kwance, don shi kaɗai yana iya sauya miki sakamako.

Ɗalibar Yamai:
Na gode ƙwarai. Malam, idan ruwa ya sauka kafin in isa gonar, yaya zan bambanta abin da iska ta kawo da wanda ruwan ya fantsama cikin tarkon ƙasa?